Ɗana Yana Cikin Tanki Na Biyu

Saheb Alƙali, sunana Santok, matar marigayi Rupa Vaghela, daga unguwar masu shara ta Kharipar, bayan tashar mota. Ban yi makaranta ba. Mai rubuta takardu a bakin kotu ne ya riƙe alƙalami, na kuma ja masa kunne kada ya wanke mini magana. Ranar Alhamis za a tsayar da ni gabanka kan laifi biyu: na fasa wa Bhupat ɗan kwangila kai, na kuma kashe tankin gas na garin nan. Duka biyun ni na yi, kada a wahalar da shaidu. Ba shi ya sa na aiko takarda ba. Ɗana nake so a ba ni in binne.

Dhanji sunansa. Shekararsa talatin da huɗu, tun yana sha biyar yake shiga kwatamin garin nan, kamar ubansa, kamar kakansa. Shekara uku da suka wuce kamfani ya zo bakin faƙon gishiri ya haƙa dogayen kududdufai, ya cika su da ruwan da ko jaki ba ya sha, ya shiga noman gansakuka. Kore shar, farfela tana kaɗa ta yini guda. In ta yi kauri a tace ta, a dama da lakar kashin gari, a ɗura cikin manyan tankuna biyu masu murfi. Can ciki take ruɓewa, gas ya taso, ya bi bututu zuwa murhun mutane. Aka ce aikin inji ne, ba wanda zai sake sa jiki cikin ƙazanta. Ranar da aka ɗauki Dhanji ya shigo gida da shuɗiyar riga yana juyi. Madi yake ce mini, wato inna.

"Madi, duba ɗanki. Ma'aikacin kamfani."

"Kamfanin kashi," na ce.

"Kashi mai injiniya, Madi. Ki riƙa girmama shi."

Matarsa Hansa ta yi dariya har ta ƙware. Mu ma an ja mana bututun daga baya, bayan ya gama zaga gidan kowa. Na daina tsintar itace, na daina tari. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗin wutar nan.

Ranar Talata ta biyu a watan zafi ya ɗauki kwanon abincinsa ya fita, bai dawo ba. Laraba da sassafe na je ƙofar kamfani. Bhupat ne ke kawo musu leburori, shi ke raba aiki. Na same shi kan babur yana taunar ganyen nan mai rina baki, bakin nan jawur.

"Sheth," na ce, wato maigida, "ina Dhanji?"

"Ni za ki tambaya, Masi?" ya ce, wato gwaggo. "Tun tsakar ranar jiya ya ajiye aiki. Na ji an ce birnin Surat ya nufa, da wata 'yar siririya." Ya tsartar da yawu dab da ƙafata. "Namiji ne, zai dawo in ta gama da shi."

Dhanji da ko kasuwa zai je sai ya leƙo ya tambaye ni ko ina son taba. Na dubi mutumin nan, ya kasa dubana. Ruwa ba ya tsami banza.

Juma'a da hantsi ina gashin gurasar gero sai ga Magan. Abokin mijina ne, tsoho, tare suke aiki da Dhanji a saman tankuna. Ya tsuguna a bakin ƙofa, na miƙa masa shayi ya ƙi karɓa. Idonsa na kan murhu.

"Bhabhi," ya ce, wato matar ɗan'uwa, "kashe wutar nan."

"Ka haukace? Ba ka ga gurasa a kai ba?"

"Na roƙe ki, kashe ta."

Na kashe. Sai ya kama ƙafafuna ya fashe da kuka, ya faɗa mini.

Farfelar da ke dama cikin tanki na biyu ce ta tsaya, tsummoki da gashi sun naɗe ta. Kamata ya yi a kira masu kayan numfashi daga birni, kwana uku kafin su iso. Bhupat ya ce aikin minti goma ne, a buɗe murfi, mutum ɗaya ya sauka tsani da lauje ya yanke. Saheb, mu muna da yadda muke yi tun kakanni. In ka buɗe kwatami sai ka koma gefe ka sha taba biyu, ka dawo ka shinshina. In warin ya lafa, iska ta fita, ka sauka. Haka mijina ya yi shekara talatin, a kan gadonsa ya mutu. Haka suka yi ranar. Magan ya ce da suka ɗaga murfi warin ruɓaɓɓen ƙwai ya doke su har hawaye. Suka ja da baya can nesa, suka sha tabarsu, suka dawo. Dhanji ya sa kai ya shaƙa, ya ce, "Kaka, ya wuce, ba na jin komai." Magan ma ya shaƙa, bai ji ba.

Ba wanda ya taɓa gaya musu cewa iskar da lakar gishiri ke yi ba irin ta kwatamin titi ba ce. Wannan in ta yi yawa hancin take fara kashewa. Warin bai tafi ko'ina ba.

Taki huɗu ya yi a tsani. A na biyar hannunsa ya saki. Bai yi ihu ba. Ya faɗa kan ɓawon da ke saman lakar, ɓawon ya tsage, ya rufe. Magan ya yi kururuwa, Bhupat ya hau da gudu, ya leƙa, ya mayar da murfi da hannunsa, ya ɗaure ƙusoshi. Sannan ya shaƙe wuyan tsohon ya ce in ya buɗe baki zai rantse shi ya tura yaron.

Kwana uku, Saheb. Kwana uku ina dafa shayi, ina gasa gurasa, ina ba Hansa tana ci, da wutar da ke fitowa daga inda ɗana yake kwance. Na fita bayan ɗaki na amayar da duk abin da ke cikina. Na dawo na kama bututun na fizge shi daga bango har da bulo. Hansa ba ta yi kuka ba a lokacin. Kanta ta yi ta bugawa da ƙofa har sai da muka danne ta.

Na je ofishin 'yan sanda. Mai rubutu ya ce in tsaya daga waje in yi magana ta taga, kamar yadda ake yi wa masu shara.

"Ina gawar?"

"Tana cikin tanki."

"To a fito da ita, sai mu rubuta."

"Ku za ku sa a fito da ita."

"Ba ma buɗe kayan kamfani sai da shaida. Ina gawar?"

Haka muka yi ta zagaye kamar jakin niƙa. A ƙarshe ya rubuta cewa Dhanji ya ɓata, ya ce in kawo hoto.

Na koma kamfani na zauna a ƙofa har injiniyarsu ta fito. Trivedi ake ce mata, yarinya ce mai tabarau, ba ta kai Dhanji shekaru ba. Ita kaɗai ce ta yi mini magana kamar mutum, wannan kam a rubuta.

"Maji," ta ce, wato iya, "ni ba na nan ranar. An ce mini ya bar aiki."

"To zubar da tankin mu gani. In ba ya ciki ki sa a yanka ni."

Ta cire tabarau ta goge. Ta ce ba a zubar da shi haka. Wai akwai wasu ƙananan halittu a ciki da ido ba ya gani, su ke cin lakar su fitar da gas, kuma asalinsu ba sa son gishiri. Wata goma sha huɗu ta yi tana ƙara musu shi kaɗan-kaɗan kamar mai yaye, har suka saba. In aka zubar, sun mutu, sai a koma farko. Ta ce ko gishirin ne ya yi musu yawa rana ɗaya, shi ke nan. Ta ce manyanta ba za su taɓa yarda ba, amma za ta rubuta musu.

"Wata goma sha huɗu," na ce. "Ni wata tara na ɗauke shi, na yi shekara talatin da huɗu ina saba masa da duniyar nan. Tsutsotsinki suna cin ɗana, ke kina tsoron kada su ji yunwa."

Ta juya ta koma ciki. Ban san ko ta rubuta ba.

Kwana na tara da ɓacewarsa, unguwarmu ta ajiye tsintsiya. Mata kusan arba'in muka zauna a ƙofar kamfani da tsintsiyoyi da manjagara, muka tare motocin da ke kawo laka. Magan ya zo ya tsaya tare da mu, ya faɗi abin da ya gani da ƙarfi, kowa ya ji. Rana ta take tsaka sai ga motar a-kori-kura da ƙarti goma sha wani abu, da gorori da guntayen bututun ƙarfe. Bhupat na gaba.

Ba su ce tashi ba. Magan suka fara yi wa. Ya ɗaga hannu ya kare kansa, na ji ƙarar ƙashin kamar an karya rake. Ya faɗi, suka ci gaba da tattaka shi. Wata maƙwabciyata an fasa mata goshi, jini ya rufe mata ido tana lalube tana kiran sunan 'yarta. Biyu suka kama Hansa ta gashi suna ja a kan tsakuwa, zanenta ya rabu da jikinta, suna dariya. Matan ma ba su zauna ba. Aka yi ta jifa da duwatsu, wata ta watsa wa ɗaya garin barkono, ya durƙusa yana ihu yana kiran uwarsa, muka rufe shi da duka.

Ni ina ƙasa, wani ya sa mini gora a haƙarƙari, numfashi ya ƙi fita. Bhupat ya zo ya tsaya a kaina, ya sunkuyo don ni kaɗai in ji.

"Me kike so ne, Masi? Ai ɗanki ya samu ƙarin girma. A da kashin manya yake kwasa, yanzu shayi yake dafa musu."

Manjagara na kusa da hannuna, irin ta jan gishiri, mai haƙoran ƙarfe. Ban san inda ƙarfin ya fito ba. Na miƙe da ita na sauke masa a gefen kai. Haƙori ɗaya ya shiga bayan kunnensa, da na ja sai kunnen ya biyo. Ya dafe wurin yana kallon hannunsa kamar bai taɓa ganin jini ba. Na ƙara masa a kafaɗa. Da zan yi na uku aka doke ni a baki da ƙarfe, haƙorana biyu suka zube, duniya ta juya. An ce ɗinki ashirin da shida aka yi masa. Ba na neman gafararsa, kada lauya ya nema mini.

'Yan sanda sun iso bayan ƙartin sun tafi. Kafin nan mata sun ɗauke ni a zane sun kai ni can cikin faƙo, bukkokin masu gishiri. Na yi musu aikin ɗauka rani tara ina da ƙuruciya, sun san ni. Suka ɗaure mini ƙirji da tsumma, suka ba ni ruwan shinkafa. Kwana biyu ina kwance ina hango tankunan nan biyu ta ƙofar bukka, farare, suna rawa cikin zafi.

A nan na yi tunani. Sun ce ba za su zubar ba saboda abin da ke ciki yana da rai. To in ya mutu fa?

Duk wanda ya yi aikin gishiri ya san ruwan ɗaci. Shi ne abin da ke saura bayan gishiri ya kwanta an kwashe, mai kauri kamar mai, in ya taɓa ciwo sai ka ga taurari. Kare ya lasa ya yi ta gudawa har ya mutu. Masu gishiri suna kora shi ta wani lambatu da ke bin bayan shingen kamfani. Ta cikin shingen kuma, taki ashirin, ga ramin da ake dama gansakuka kafin inji ya zuƙe ta zuwa tanki. Tudun laka kawai ya raba su. Dhanji ya sha yi mini ƙorafi cewa injin nan ba shi da hankali, duk abin da ya samu a ramin zuƙewa yake.

Mu huɗu muka je, da ni da Hansa da wasu mata biyu da ba zan faɗi sunansu ba ko za a cire mini sauran haƙoran. Da tsakar rana muka je, lokacin da faƙo ke ƙona tafin ƙafa, masu gadi duk suna ƙarƙashin fanka. Muka ɗaga wayar shingen, muka sa fartanya. Kowane sara sai na ji haƙarƙarina yana soka ni. Muka ja ɗan lambatu, muka toshe babban da buhunan ƙasa, muka fasa tudun. Ruwan ya taho a hankali, rawaya-rawaya, ya gangara ramin. Inji ya yi gurnani ya fara sha.

Ya fi awa ɗaya yana sha kafin maigadi ɗaya ya zagayo yin fitsari. Ya gan mu, ya ɗaga sanda ya yo kanmu yana zagin uwarmu. Hansa ta ɗebo ruwan ɗacin da kwanon sarki ta sheƙa masa a fuska. Ya yar da sandan ya kama idanunsa. Muka kayar da shi, matan nan biyu suka zauna a bayansa, na tura masa gefen zanena a baki.

"Kwanta, ɗana," na ce masa. "Ba da kai muke ba. In ka motsa kuwa da kai muke."

Muka riƙe shi har inuwar shingen ta kai tsawon mutum. Sannan na wanke masa ido da ruwan shanmu, muka tafi.

Kwana biyu wutar murhun garin ta fara rawa. A na huɗu ta mutu. Sai ga manyan gidaje da masu otal a ofishin hukuma suna buga tebur, an hana su shayin safe. Mutum ya ɓace kwana goma sha biyar ba wanda ya tashi daga kujera, wuta ta ɗauke kwana ɗaya har da jarida. Aka baza 'yan sanda nemana.

Tanki ya mutu, dole a zubar a sake. Ranar kwana ashirin da ɗaya aka buɗe bakin bututun ƙasa, lakar ta malalo filin shanya, baƙa ƙirin, tana tururi. To wa zai shiga ya baza ta? Injiniya? Bhupat da rawanin bandeji? Mu dai aka aiko a kira. Unguwarmu kaf ta fito. Na ja mayafi na rufe fuska har haɓa kamar kowace tsohuwa, na ɗauki rariyar yashi, na wuce ta gaban 'yan sanda shida da ke nemana. Suna tsaye can gefe da hankici a hanci. Wa ke kallon fuskar mai shara?

Muka jeru cikin lakar har gwiwa, da zafinta, muna tacewa. Magan na bakin fili da hannu a rataye, yana nuna inda ya fi kauri. Gashi, tsumma, roba, murfin kwalba. Wajen awa uku sai wata ta ɗago abu ta tsaya cak. Ƙashin cinya ne, a karye. Sun gyara farfelar daga baya sun kunna ta, Saheb, da shi a ciki. Ta yi ta dukansa kwana da kwanaki.

Na shimfiɗa farin zane a kan busasshiyar ƙasa. Duk wanda ya samu ya kawo, in wanke da ruwa in ajiye. Haƙarƙari guntu-guntu. Ƙashin baya ɗai-ɗai kamar duwatsun wasa. Ƙoƙon kai gida uku. Yatsu ba mu samu duka ba, rariyar ta yi faɗin ido. Injiniyar ta zo ta tsaya, ta duba, ta juya ta yi amai a jikin motarta.

Sai babban ɗan sandan ya matso da hankicinsa, ya ce wannan kayan bincike ne. Ya sa aka kawo buhun taki, aka tattare zanen da abin da ke ciki aka cusa. Na ji yana faɗa wa mai rubutu: ƙasusuwa, ba a san na wane ne ba, ko na mutum ko na dabba.

Na yaye mayafin.

"Na dabba? Dube ni da kyau, ni ce dabbar da ta haife shi!"

Na kama buhun da hannu biyu. Suka yi ta dukan yatsuna da kulki har uku suka karye, ban saki ba. Na ciji ɗaya a hannu da haƙoran da suka rage mini. Sai da suka ɗaga ni sama ni da buhun suka fizge. Kwana tara na yi a rufe kafin unguwa ta yi belina.

Yanzu kamfani ya ce ƙila wani mahaukaci ne ya faɗa kwatami ruwa ya kawo shi. Mutum ya bi ta bututun da ko kan akuya ba ya shiga? Bhupat ya ce bai san komai ba. An ce za a aika ƙashin zuwa birni a gwada, an ce layi ne, wata shida ko shekara. Buhun kuwa ko motsa shi ba a yi ba. Yana ɗakin ajiya na ofishin, tsakanin kekunan sata da jarkokin giya, mai share wurin ɗan unguwarmu ne, kullum yana ganinsa. In jini ake so a gwada, ga nawa, a ɗebi kwano guda. Ga Magan, ga hannunsa. A kira injiniyar a tambaye ta abin da ta gani a kan zanen.

Mu ba ma ƙona gawar namu kamar sauran mutanen gari, binnewa muke. Tun ranar da aka tace lakar mazan unguwa suka haƙa masa rami kusa da na ubansa, aka kawo buhun gishirin da za a zuba a kabarin, aka sayi sabon ƙyalle. Ramin na nan a buɗe. Kullum da safe sai na je na kore awaki, na kwashe ƙasar da ta rufta. Hansa ba ta fasa awarwaronta ba, ba ta goge jan alamar aure da ke goshinta ba, don ba a yi wa mace takaba mijinta na cikin buhu. Ba ta zama matar aure ba, ba ta zama gwauruwa ba, ba ta cin abinci.

Hadari ya fara haɗuwa ta kudu, masu gishiri sun fara kwashe bukkokinsu. Bai fi sati biyu ba ruwa zai sauko, maƙabartarmu kuwa a kwari take, nan ruwan gari ke taruwa har wata uku. Ka sa hannu a ba ni buhun kafin ramin ya cika, Saheb. Yini ɗaya ya ishe ni. Washegari ka turo mota, za a same ni zaune a ƙofar gida da ƙunshin kayana.